Layin da ba a cika kira da shi ba: wane tsari ya fi sauƙi, kuma yaya za a hana shi mutuwa?

Malam Sani, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai tambayar da ke ta dawowa, na ga gara a baje ta a faifai kowa ya amfana. Mutanenmu da yawa a nan Legas ba su cika kira ba: dattawa masu ƙaramar waya, masu gadi da sai ranar Juma'a suke gaida gida, masu layi na biyu da aka ajiye don alat ɗin banki kaɗai, da masu tafiya noma Arewa da damina su bar layin Legas a cikin jaka. Irin waɗannan wane tsari ya dace da su? Katin nawa ya kamata su loda, kuma sau nawa? Masu sana'ar, muna saurarenku.

Alhaji Bala mai kati, Mile 12:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a je ga tsari, a fara da abin da ya fi cutar da mai kira jefi-jefi, wato mutuwar layi. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi da ya kawo wa kamfani kuɗi ba, kamfanin na da ikon rufe shi. In ya ƙara wata shida a haka, ana iya ɗauke lambar a sayar wa wani. Abin da ake ƙirgawa shi ne kira, tura tes, sayen data, irin waɗannan. Saka sim a waya kawai, ko buga lambar duba kati, bai wadatar ba. Kuma kada a dogara da cewa ai ana kirana ina amsawa. A yi kira mai fita ko a tura tes ɗaya, shi ne babu gardama a kansa. Tes naira 6 ne yanzu. Sau ɗaya a wata ya isa, duk shekara naira 72 ke nan.

Ɗanjuma, Obalende:
Alhaji, tunda wata shida aka bayar, me ya sa za a riƙa yi duk wata? Ai ko duk wata biyar aka yi an tsira.

Alhaji Bala mai kati, Mile 12:
Ɗanjuma, abin da ake yi duk wata biyar mantawa ake yi da shi. A ɗaura shi da wani abu da ba ya wucewa, kamar ranar karɓar albashi ko ganin sabon wata. Sannan akwai wani amfanin: ranar da ka gwada tura tes ɗin ka ga ya ƙi tafiya, ka gane da wuri cewa an toshe layin ko sim ɗin ya lalace, tun akwai sauran lokacin gyara.

Hajiya Rabi mai POS, Idi-Araba:
Ku ƙara jaddada wannan don Allah, domin asarar ba ta tsaya kan lamba ba. Layin da aka sake sayarwa, in yana ɗaure da asusun banki, sabon mai shi ne zai riƙa samun alat da lambar sirrin nan ta OTP. Mai gaskiya zai share ya wuce, wani kuwa zai gwada sa'arsa. Duk wanda ya san layinsa ya riga ya tafi, ya je banki da ƙafarsa ya cike takardar sauya lamba, a kan asusu da kuma kan BVN, don ba lallai sauya ɗaya ya taɓa ɗayan ba. Sannan shigowar alat kaɗai kada a ɗauke shi a matsayin amfani da layi. Banki ne ke turo saƙon, kai ba ka kashe ko kwabo a layin ba.

Injiniya Nura, Ikeja:
Gaskiya ne Hajiya. Bari in shiga batun tsarin kansa, don a nan ake ruɗa mutane. Kamfanoni na tallar kuɗin kira da kwabo a kowace daƙiƙa. Ka ninka da 60 ka raba da 100, ka samu naira a minti. Kwabo 16 a daƙiƙa naira 9.60 ne a minti, kwabo 26 kuma naira 15.60. Wanda ya ga 16 da 26 zai ce na farko ya fi araha, amma sai an tambayi abu ɗaya: akwai kuɗin da ake cira a kiran farko na kowace rana? Wasu tsare-tsaren masu araha haka suke, ko dai a ciri wani adadi kai tsaye, ko a caji minti na farko ko daƙiƙoƙin farko da tsada kafin farashin ya sauko.

Ga misali, alƙaluman na gwaji ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Tsari na ɗaya kwabo 26 babu kuɗin rana. Tsari na biyu kwabo 16 da naira 10 ta kiran farko. Wanda ya yi kiran minti ɗaya a rana, na ɗaya zai ci masa naira 15.60, na biyu naira 19.60. Wanda ya yi minti goma, na ɗaya naira 156, na biyu naira 106. Inda suke haɗuwa shi ne daƙiƙa 100, wato minti ɗaya da daƙiƙa 40. Yadda ake samunsa: ka mai da kuɗin ranar zuwa kwabo, naira 10 kwabo 1,000 ne, ka raba da bambancin farashin biyu, wato 10. Duk wanda kiransa na rana bai kai nan ba, tsarin da ba shi da kuɗin rana ne nasa ko da ya fi tsada a ido.

Malam Sani, Agege:
Injiniya, ke nan mai gadin da sai Juma'a yake kira, amma in ya kira gida sai an gaisa da kowa, har minti ashirin, shi ina ya faɗa?

Injiniya Nura, Ikeja:
Shi tsari na biyu ne nasa, Malam. Kuɗin ranar sau ɗaya zai biya a mako, sauran kwana shida da bai kira ba babu abin da za a cira, muddin tsarin na kiran farko ne. Wannan ma a tabbatar, kada ya zama na biyan kuɗin rajista duk mako ko duk wata, wanda ake cira ko an kira ko ba a kira ba. Shi ya sa "ba na yawan kira" ba jawabi ɗaya ba ne. Mai kiran "ina bakin gareji, fito" sau uku a mako daban, mai dogon kira sau ɗaya a mako daban. A duba tarihin kira a wayar mutum na wata guda, tsawon kowane kira na nan a rubuce, daga nan za a san ajinsa.

Auwalu, Alaba Rago:
Ni ban yarda a raina garaɓasa ba. Akwai tsarin da in ka loda kati za a ninka maka shi sau biyu, sau uku, har fiye. Talaka mai naira 200 me ya fi masa wannan? Kowane kamfani na da irinsa, MTN da BetaTalk, Glo da Berekete, Airtel da SmartConnect. Ku kuna lissafin kwabo, mutane na shan kira kyauta.

Injiniya Nura, Ikeja:
Auwalu, garaɓasa na da amfani, amma ga mai yawan kira. Abu uku ake dubawa. Na farko, kuɗin garaɓasa ba a cajinsa da farashin kuɗin asali, ana cinsa da sauri, don haka naira 1,000 ta garaɓasa ba ta kai naira 1,000 ta gaske ba. In ana cajin kwabo 60 a daƙiƙa, naira 36 ke nan a minti, dubun nan ba ta cika minti 28 ba. Na biyu, tana da wa'adi, galibi na 'yan kwanaki. Mai kiran minti biyar a mako zai ci naira 180 a ciki, sauran ta ƙone. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, farashin kira daga kuɗin asali a irin wannan tsarin yakan fi na tsarin da ba shi da garaɓasa. Da garaɓasar ta ƙone, sauran watan duk da tsada zai yi kira.

Auwalu, Alaba Rago:
To ai dabara ce, Injiniya. Maimakon ya loda 500 sau ɗaya, ya riƙa loda 100 ranar da zai yi kira. Garaɓasar ta shigo sabuwa, ya ci abarsa a ranar, ɗarinsa na nan ba a taɓa ba. Bayan wata huɗu ya tara kuɗin asali ya sayi data da shi ko ya tura wa iyali.

Injiniya Nura, Ikeja:
Wannan dabara ce mai kyau, na karɓa, amma da sharaɗi. Sai in tsarin yana fara cin garaɓasa kafin kuɗin asali. Akwai waɗanda ke yin akasin haka, sai kuɗin asali ya ƙare kafin a taɓa garaɓasa, a nan dabarar ta rushe. Gwajin mai sauƙi ne: loda, buga *310# ka rubuta abin da ke kowane asusu, yi kiran minti ɗaya cif, ka sake bugawa. Za ka ga daga ina aka cira da kuma nawa aka cira, wannan ya fi duk abin da ke jikin allon talla. Sannan dabararka ta mai iya lura ce. Dattijon da jikansa ke loda masa kati daga nesa ba zai bi wannan lissafin ba, shi a sa shi kan tsari mai farashi ɗaya a huta.

Malama Zainab, Sabo Yaba:
Sannunku da ƙoƙari. Tunda an ambaci *310#, a sanar da mutane cewa tun 2023 aka haɗe lambobin, duk kamfanonin iri ɗaya ne, har yanzu wasu na fama da tsofaffin. Duba kati *310#. Loda kati *311* sai lambobin katin sai #. Sayen data *312#, duba sauran data *323#. Aron kati *303#. Dakatar da rajistar da ke cin kuɗi *305#. Magana da ma'aikacin kamfani 300. Duba ko layi na haɗe da NIN *996#. A rubuta wa dattawa a takarda a liƙa a bayan murfin wayar.

Alhaji Bala mai kati, Mile 12:
Allah ya saka Malama. A cikinsu *305# ce mai ceton kuɗin wanda ba ya kira. Ƙorafin da aka fi kawowa wurin masu kati shi ne "na loda 500, ban kira kowa ba, na tarar da 120". Kuɗin asali ba ya ƙonewa don kansa muddin layin na raye, don haka in ya ragu wani abu ne ke ci. Yawanci rajistar waƙar da mai kira ke ji ce, ko saƙon labarai, ko sakamakon ƙwallo, ko gasar cin kyauta. Tana shiga ne ta saƙon da ke faɗowa kan allo, mutum ya danna OK don ya kawar da shi, ashe amincewa ya yi. A ƙaramar waya abin ya fi yawa, don madannin tsakiya shi ne na amsawa. A koya wa dattawa su riƙa danna jan madanni. A buga *305# a ga abin da ke kai a soke shi, sannan a tura STOP zuwa 2442 don a rufe saƙonnin talla gaba ɗaya. Kyauta ne.

Ɗanjuma, Obalende:
Alhaji in an tura STOP ɗin alat na banki ba zai daina shigowa ba?

Alhaji Bala mai kati, Mile 12:
An tsara shi ne don talla, alat da OTP na da tasu hanyar. Amma akwai ƙananan kamfanoni da makarantu da ke tura saƙo ta hanyar talla, nasu na iya maƙalewa. Wanda ya ga wani saƙo da yake jira ya daina zuwa, ya tura HELP zuwa 2442, za a nuna masa yadda zai buɗe wani ɓangare ko ya janye rufewar.

Injiniya Nura, Ikeja:
Akwai ɓarawo na biyu, shi a babbar waya yake. In data ta ƙare ko ba a saya ba, amma madannin data na kunne, layin na iya komawa cin kati kai tsaye, kuma farashin kowace MB a haka ya ninka na ƙunshin data nesa ba kusa ba. Wayar ba ta jiran ka buɗe komai, Play Store na sabunta manhajoji, WhatsApp na sauke hotuna da bidiyon zaure, duk a ɓoye. A waya mai sim biyu a shiga saiti a tabbatar layin da aka zaɓa don data shi ne mai data, a kuma kashe zaɓin nan da ke barin waya ta sauya layi da kanta in sabis ya yi rauni. Wannan zaɓin shi ke cinye katin layin ajiya. A Play Store a mai da sabuntawa sai da Wi-Fi, a WhatsApp a shiga wurin ajiya da data a cire alamar sauke hoto, sauti da bidiyo. Wanda layin ajiyarsa ke da kuɗin da yake so su daɗe, mafi aminci ya sa shi a ƙaramar waya mara intanet.

Malama Zainab, Sabo Yaba:
Game da sayen data ga mai hawa jefi-jefi, kuskuren da ake yi shi ne kwatanta farashin GB. Babban ƙunshi na wata ya fi araha a kowace GB, gaskiya ne, amma ga wanda zai cinye shi. A raba kuɗin da abin da aka yi amfani da shi, ba da abin da aka sayar maka ba. Wanda ya sayi GB 2 ya ci MB 400 kafin wata ya cika, ya sayi kowace MB kusan ninki biyar. A shiga saitin waya wurin amfani da data, za a ga jimillar wata da abin da kowace manhaja ta ci. In mutum kwana huɗu ko biyar kawai yake hawa a wata, ƙunshin kwana ɗaya ko na kwana biyu a ranakun da yake buƙata ya fi. In kuwa kullum yana leƙa WhatsApp na 'yan mintoci, ƙaramin ƙunshin wata, ko wanda aka ware don WhatsApp da Facebook kaɗai. Shi wannan na ƙarshen ba ya buɗe manhajar banki ko shafukan waje, in aka danna wani mahaɗi daga cikin WhatsApp sai ya koma kan kati. Kuma lokacin saye za a tambaye ka ko sau ɗaya ne ko a riƙa sabuntawa. Mai amfani jefi-jefi ya zaɓi sau ɗaya, in ba haka ba duk ranar da wa'adi ya cika za a sake cira ko bai hau ba.

Auwalu, Alaba Rago:
Malama ai sabuntawar ce ke sa a tura maka ragowar data zuwa wata na gaba. In ka zaɓi sau ɗaya ka yi asararta.

Malama Zainab, Sabo Yaba:
Ana samun hakan ko da hannu ka sake saye, muddin ka yi kafin wa'adi ya wuce ko cikin 'yan kwanakin rangwamen da kamfanin ya bayar. Amma Auwalu, wanda kowane wata ragowa ke taruwar masa, alama ce ƙunshin ya yi masa yawa. Yana biyan cikakken kuɗi duk wata don ya ceci abin da ba zai taɓa ci ba. Ya sauko zuwa ƙarami.

Hajiya Rabi mai POS, Idi-Araba:
Masu layin banki su san cewa yanzu dole a bar ɗan kati a kai. Tun tsakiyar 2025 kuɗin amfani da lambobin banki na USSD, naira 6.98 a kowane zama na daƙiƙa 120, daga katin waya ake cirarsa, ba daga asusu ba. Sai ka ga mutum na da kuɗi a banki amma taransfa ta ƙi tafiya, don layin babu ko naira goma. Naira 200 a kai ta ishe shi zama 28. Kuma ya shirya lambar asusun da zai tura wa a takarda kafin ya fara, don in ya tsaya nema har zaman ya katse, sake bugawa sabon caji ne.

Ɗanjuma, Obalende:
In ta kama ai sai a ara a *303#.

Hajiya Rabi mai POS, Idi-Araba:
Don larura ne kawai, ƙanena. Abin da aka saba cira kashi 15 cikin 100 ne, ka ari 100 a ba ka 85, ka biya 100. Sannan ba kowane layi ake ba aro ba, suna duba yawan lodin da aka yi a watannin baya, layin ajiya kuwa sau da yawa bai cancanta ba. Ga kuma ruɗanin da yake jawowa: an manta da bashin, bayan wata uku ɗa ya turo wa tsoho katin 500, a zare bashi nan take, tsoho ya ce an yi masa sata.

Malam Sani, Agege:
To wane kamfani za a ce mutum ya ɗauka? Har yanzu ba wanda ya kama suna.

Injiniya Nura, Ikeja:
Da gangan ne Malam. Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kamfanoni suka sake fasalin tsare-tsarensu, farashin da aka sani a da ya canza, kuma yana iya sake canzawa. Bambancin da ke tsakanin MTN, Airtel, Glo da 9mobile, wanda ya koma T2 a 2025, a wurin mai kiran minti ashirin a wata bai wuce kuɗin ruwan leda kaɗan ba. Abin da zai raba gardama sabis ne, kuma a wuri biyu: inda kake kwana a Legas, da garinku. A cikin Legas duka huɗun ana samunsu, amma ɗakin mai gadi a ƙasan bene, ko rumfar kwano a tsakiyar kasuwa, wani layin na shiga wani ba ya shiga. A ari wayar maƙwabci a gwada kira daga cikin ɗakin, ba daga bakin titi ba. Kada a tsaya kan sandunan sabis da ke allo, a yi kiran a ji ko murya na yankewa. A ƙauye kuwa sau da yawa kamfani ɗaya ne ke da ƙarfen sabis kusa, shi za a bi.

Alhaji Bala mai kati, Mile 12:
Kuma a daina yanke hukunci da farkon lamba. Da can 0803 MTN ce, 0802 Airtel, 0805 Glo, 0809 ta tsohon Etisalat. Tun 2013 da aka fara ƙaura da lamba, mai 0803 na iya zama a Glo. Wanda sabis ɗin kamfaninsa bai yi masa ba, ba sai ya sayi sabon layi ya raba wa mutane sabuwar lamba ba. Ya je ofishin kamfanin da yake so da NIN ɗinsa, ya cike takarda, za a sa shi ya tura PORT zuwa 3232, a ba shi sabon sim da tsohuwar lambarsa, babu kuɗin ƙaura. Ya cinye katinsa da datarsa tukuna don ba sa binsa, ya biya bashi in akwai, ya kwashe lambobin da ke kan tsohon sim. Akwai kuma wa'adin da sai ya cika kafin ya sake wata ƙaurar, don haka a gwada sabis ɗin kafin a tafi.

Auwalu, Alaba Rago:
Ni ra'ayina layi biyu ya fi, ɗaya in ya ƙi ɗaya ya yi.

Alhaji Bala mai kati, Mile 12:
Ga ɗan kasuwa irinka haka ne. Ga wanda muke magana a kansa, kowane ƙarin layi ƙarin abin da zai mutu ne. Ya riƙe ɗaya, ya ɗaura banki da NIN da WhatsApp a kansa, sai dai in layin da ke kamawa a ƙauye daban yake da na Legas.

Malama Zainab, Sabo Yaba:
Masu tafiya mai nisa fa, Alhaji? Wanda zai tafi Nijar ko Saudiyya ya daɗe, ko ɗalibi.

Alhaji Bala mai kati, Mile 12:
In tafiyar za ta wuce wata shida, akwai hanyar ajiye lamba. MTN na da Keep My Number, Glo na da Always On, ana biya a riƙe maka layin ko ba ka taɓa shi ba. A kira 300 ko a shiga ofis a ji kuɗinsa da tsawon wa'adinsa kafin tafiya, a ajiye saƙon tabbatarwa, a rubuta ranar da zai ƙare. In ƙasa da haka ne, a loda kati, a yi kira ranar tafiya, ya wadatar. Abin da ba na ba da shawara shi ne a bar wa wani layin da ke ɗaure da banki wai ya riƙa motsa shi.

Injiniya Nura, Ikeja:
WhatsApp ma na da nasa agogon, ba ruwansa da na kamfanin layi. Asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba ana iya share shi. Kuma a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lamba shida ce, tana cikin saiti a ƙarƙashin asusu.

Hajiya Rabi mai POS, Idi-Araba:
Wani abin da ke wahalar da masu kira jefi-jefi shi ne walkam bak, wato dawo da tsohuwar lamba a kan sabon sim. In waya ta ɓata a Oshodi ko sim ya lalace, a ofis za a nemi NIN, a ɗauki hoton fuska ko yatsa a gwada da na rajista, kuma sukan tambayi lambobin da ka fi kira da katin ƙarshe da ka loda. Mai yawan kira zai zuba su nan take, wanda sai wata-wata yake taɓa layi zai tsaya yana inda-inda. A rubuta lamba uku zuwa biyar da ake kira da layin, da adadin lodin ƙarshe, a haɗa da kwalin sim ɗin a ajiye a gida. Sannan layin ya zama da sunan mai shi. Wanda aka yi wa rajista da NIN na wani, ko ya sayi sim mai rajista a gefen hanya, ranar da ya ɓata ba shi da ta cewa, ga shi kuma haramun ne a doka. In dattijo ne zai yi amfani da shi, a kai shi ofis a yi da fuskarsa.

Ɗanjuma, Obalende:
In an cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ka kira 300 ba su yi komai ba, shi ke nan?

Malama Zainab, Sabo Yaba:
A'a. Ka karɓi lambar ƙorafi daga wurinsu, ka ajiye saƙon da ya nuna cirar da ranar, in ba su warware ba ka kira 622, layin NCC ne kuma kyauta. Za su nemi lambar ƙorafin, shi ya sa ba a tsallake matakin farko.

Malam Sani, Agege:
Injiniya, saura wayar kanta. Wadda ake ajiyewa a akwati sai lokaci-lokaci, me za a kula da shi? Kuma sa PIN a kan sim ya dace da dattawa?

Injiniya Nura, Ikeja:
Batir ba ya son a bar shi ya mutu murus na watanni, yana iya ƙin karɓar caji ko ya kumbura. A ajiye shi da kamar rabin caji, a kashe wayar, a nisanta ta da zafi da laima, don damshin Legas na sa tsatsa a ƙarfen sim da bakin caja. Ranar da za a tura tes ɗin wata a ɗan ƙara mata caji. In ta nuna babu sim, a ciro shi a goge gefen zinaren da busasshen ƙyalle a mayar kafin a ce ya lalace.

PIN kuwa, a layin banki ina goyon bayansa, don ɓarawo na cire sim ne ya sa a wata waya ya gwada lambobin banki, kullen allo ba ya hana wannan. Amma duk lokacin da aka kunna waya sai ta nema, kuskure uku ta rufe ta nemi PUK, lamba takwas ce da ke jikin kwalin sim, kuskure goma a PUK kuma sim ya mutu sai walkam bak. Dattijon da ba ya banki da layinsa a bar masa babu PIN. Wanda ke yi, a sa masa, a gwada kashewa da kunnawa a gabansa har ya iya, kwalin mai PUK kuma ya zauna wurin wanda ke kusa da shi a Legas, ba a ƙauye ba.